Hancin Malam Uwaisu

Duk faɗin Challawa, in ana maganar Turanci, sai a sara wa Malam Uwaisu. Akawu ne a wani kamfanin jimar fata, amma fa akawun da ya yi kwas a Ingila. Mahassada na cewa ko kilishin guzurinsa bai cinye ba ya dawo. To, ya dai je, su kuwa ko Kaduna ba su sani ba.

Saboda tausayin talakawa, lokacin cin abincin rana yakan tara leburori a gindin dalbejiya ya ba su ilmi kyauta, su kuma su kalli kwat ɗinsa kyauta. Darasin ɗaya ne tun zuwansa.

"Ku buɗe kunnuwa. In ka ce *I used to*, abin da kake yi ne a da, ka daina. Misali, ni nakan sha shayi da Turawa a Landan. In ka ce *I am used to*, abin da jikinka ya saba da shi ne. Misali, ni da sanyi na saba. Wannan warin kuwa..." Sai ya danna hankici mai turare a hanci. Daga *I used to* ɗin nan leburori suka raɗa masa suna Ayusta, shi ko ya ɗauka sarauta ce.

Misali ɗaya ne bai taɓa kawowa ba: gidansu. Uwaisu ɗan majema ne, jikan majema, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko a rufe masa ido, da ya shafa fata zai faɗi inda wuƙa ta yi mata lahani. Kowa ya san haka, shi kaɗai ne labarin bai iso wa ba.

Ana nan sai mai kamfanin, wani Balarabe irin waɗanda ake kira Kwara, ya shiga neman shugaban sayen fatu. Muƙamin da fijo yake tafe, har da direba. Fijon nan ita ce burin Uwaisu a duniya, don har ya gama shawarar gefen da zai riƙa zama a baya.

Rannan yana tsakiyar darasi, sai ga Kwaran da fatar akuya a hannu.

"Uwaisu, an ce sana'ar gidanku ce. Duba min wannan. In ka san ta, muƙamin naka ne."

Yatsunsa har sun miƙe da kansu. Ya dubi fatar, ya dubi ɗalibansa da suka zuba masa ido, ya dubi kwat. Sai ya tura hannuwan aljihu.

"Yallaɓai, an yi mini sharri. Ni mutumin biro ne. Wannan abu ban taɓa taɓa shi ba, kuma hancina ba zai iya ba."

Kwaran ya ji kunya, ya ba shi haƙuri. Muƙami da mota suka tafi ga Idrisu Yelwa, wanda bai kai rabin Uwaisu sanin fata ba, sai dai shi ba ya jin nauyin taɓa ta.

Amma kamfani bai yi butulci ba. Don a kare wannan hanci mai daraja, aka kwashe teburinsa zuwa wurin da ya fi ko'ina nisa da wari, wato ɗan ɗakin bakin ƙofa. Can yake yanzu da kwat ɗinsa, iska na kaɗa shi. Da fijon Idrisu ta yi hon, shi ke tashi ya ɗaga mata ƙarfen shingen ƙofa.