Jawabin da Na Yi a Rumfar Mahuta

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Mahuta ba. Ko na so in manta ma, mutanen layinmu ba za su bar ni ba.

Shekarar bautar ƙasa ce. Ba wanda ya tambaye ni ra'ayina. Ina gama jami'a aka ɗauko ni daga garinmu can Zamfara, aka ba ni kaki da takalmin da ya fi ƙafata, aka turo ni koyarwa a wata makaranta a Kakuri, cikin garin Kaduna. Ranar Alhamis kuma mu fita yashe kwata da sauran masu bautar ƙasa, su suna ta shewa da Turancin buroka, ni ina gefe da shebur ɗina.

Na kama ɗaki a Mahuta. Wata da watanni ba wanda ya san sunana. Mai shayi, mai keke, ɗalibai, har mai gidan haya, kowa "Kofa" yake ce mini, kamar yadda ake ce wa duk mai kaki. Kaɗaici ya ci ni har nakan tsayar da mutum in tambaye shi hanyar da na sani sarai, don kawai a yi magana da ni. In Innata ta bugo waya ta ce, "Ka dai yi abokai ko?" sai in ce, "Haba Inna, har sun yi mini yawa." (Allah ya yafe mini.)

To ran nan ina kwance ina kallon silin sai na ji kiɗa a bayan layi, ga ƙamshin dafa-duka yana shigowa ta taga. Na zura kakina, don na lura duk inda ka je da shi sai an ba ka kujera. Na bi ta lungun baya, na ɓullo ta wajen tukwane. Rumfuna, kujeru, mata sun sha anko suna buga tulu suna waƙa suna rawa. A garinmu in ka ga rumfa da anko da kiɗa da shinkafa, biki ne, ba sai ka tambaya ba. Zaman makoki kuwa tabarma ce da carbi da shiru.

Aka ba ni kujera, aka ba ni faranti. Na cinye har aka yi mini ƙari. (Kar ku tambaye ni ko na taka rawa. Na taka.) Wallahi rabona da jin daɗi irin wannan tun ina gida.

Can sai mai gabatar da taro ya hango ni. "Jama'a, har gwamnati ta turo mana wakili! Kofa, zo ka ce wani abu."

Da ma magana ta taru a cikina ba inda zan kai ta. Na karɓi lasifika na gyara murya. Na ce ina taya wannan gida murna. Na ce kowa ya san an daɗe ana jiran wannan rana. Na ga wasu sun fara kallon juna, na ɗauka daɗin jawabin ne, sai na ƙara ɗaga murya: "Allah ya maimaita mana irin wannan a gidan nan, baɗi war haka!"

Kiɗa ya tsaya cak. Matan da ke gabana suka ɗan dare, sai ga farin akwatin gawa a kan tebur, da hoton wani dattijo an zagaye shi da furanni. Mai gabatarwa ya matso kunnena ya ce, "Kofa, jana'iza ce fa. Baba Yohanna ne ya rasu." Ashe su Kiristocin kudancin Kaduna, in tsoho ya ga jikoki ya rasu, da waƙa da rawa ake sallamarsa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na juya zan gudu, lasifikar mutane tana hannuna, waya na bina.

"Zo nan, ɗana."

Wata tsohuwa ce a kujerar gaba, Mama Saratu, matar mamacin. Na je na durƙusa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ba ka da kowa a garin nan, ko?"

Ni da na yi ɓarna, ni ne kuma na fara hawaye.

"Shi ma haka ya zo aikin masaƙa a Kakuri, bai san kowa ba," in ji ta. "Da yana ji, da ya fi kowa dariya. Yaya sunanka?"

Ita ce ta fara yi mini tambayar nan a Mahuta. Na faɗa mata.

"To madalla. Amma ka janye addu'ar nan taka. Ni kaɗai ce tsohuwar da ta rage a gidan, kuma ban shirya ba tukuna."

Rumfa ta kwashe da dariya, har da masu kuka.

Daga ranar ba a sake ce mini Kofa a layin ba. "Maimaita" na koma. Mai shayi, mai keke, matan anko, kowa daga nesa yake ɗaga hannu, "Maimaita, an tashi lafiya?" Ni kuwa in amsa da sauri, har da washe baki, don ko ba komai wannan sunan nawa ne ni kaɗai. Mama Saratu ce kawai take kirana da sunana na yanka, kuma duk Lahadi sai ta aiko mini da tuwo har na gama bautar ƙasa.

Yanzu duk taron da na je, ta ƙofar gaba nake shiga, kuma ba na taɓa faranti sai na tambayi wanda ake yi dominsa, yana da rai ko babu. Mama Saratu kuwa duk ƙarshen shekara sai na buga mata waya, gabana na faɗuwa, har sai na ji ta ɗauka ta ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana, addu'arka ba ta ci ba."