Ranar da Na Sunsuna Robar Biki

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Hadiza a Ringim ba, ko da kuwa na so. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Dutse, ina bincike a kan kayan roba. Mukan yayyanka cokula da kwanuka da silifas, mu jiƙa su a sinadari, mu duba ko akwai ragowar baƙin mai a cikinsu, irin wanda ake zargi da kawo ciwon daji. Abin ya shiga kaina, har butar gidanmu nake yi wa kallon tuhuma.

Ana cikin yini aka fara rabon baƙaƙen robobi masu hoton amarya. Na karɓi tawa na sunsuna (hanci ba ya gane komai, amma ai akwai 'yan kallo), sannan na juya wajen wata dattijuwa da ke kusa da ni a kan tabarma.

"Hajiya, kada ki kuskura ki zuba abinci mai zafi a nan. Wanda ya sayo su araha kawai ya bi, bai damu da ran mutane ba."

"Ikon Allah," in ji ta. "Kin auna su ne, 'yar nan?"

"Ba sai na auna ba, Hajiya. Karatuna ne."

Ina tsaka da jero mata cututtuka sai ga yayar amarya. "Au, Hajiya, har kun gaisa da surukar taki? Ai ita ce ta Bashir!"

Bashir, wanda iyayensa ke shirin kawo gaisuwa gidanmu. Ashe dattijuwar nan mahaifiyarsa ce. Robobin kuma daga shagonta suka fito, gudummawarta ce ga amarya. Na ja mayafi na rufe fuska, ina jin mata suna ta shewa.

Hajiya dai ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini tata robar ta ce, "Tafi da ita ki auna. In da guba in daina sayarwa, don jikokina ma a ciki suke cin tuwo."

Na auna, har na maimaita (ina ɗan fatan in sami wani abu, Allah Ya yafe mini). Babu abin tsoro a ciki.

An yi aurenmu da Bashir. Har yau Likitar Roba take kirana, kuma ba ta saro sabon kaya sai ta aiko mini da ɗaya. Ni kuwa na koyi abu biyu: in auna kafin in buɗe baki, kuma a gidan biki in fara tambayar kowace dattijuwa sunan ɗanta.