Yadda Fulako Ya Kai Ni Ya Baro a Meksiko

Ko zan manta da komai na tafiyarmu Meksiko, akwai wata la'asar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko na so in manta Malam Sabo ba zai bari ba. Shi ne abokin aikina a Birnin Kudu, tare aka tura mu kwas a kan irin masara, kuma shi ya iso gida da labarin tun kafin jakata ta iso.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne. Ni ɗan Basirka ne ta ƙasar Gwaram, daga irin gidajen nan da Fulatanci ya tafi ya bar mana fulako. Ko gaisuwa ban iya da yaren kakannina ba, amma kunyar cin abinci a gaban mutane kam na gaje ta tsaf. A gidanmu in aka ce maka bisimilla, amsar ita ce "Alhamdu lillahi", ko da hanjinka na kuka. Baƙo kuwa ba a tsare shi da ido. Sai a share masa ɗaki, a yi turaren wuta, a ajiye ruwa da kwanon abinci, a ja ƙofa a ba shi wuri. In ya gama a zo a ɗauke kwano, babu mai sanin loma nawa ya yi.

Da aka gama karatun aji sai aka rarraba mu ƙauyuka aikin sa kai. Mu aka kai mu wani ɗan gari can a kan tsauni, lokacin kakar masara ce, samarin garin kuma duk sun tafi birni neman aiki. (A mota na cika wa direba baki cewa mu ma muna da duwatsu a Birnin Kudu. Da muka yi ta hawa har na hango gajimare a ƙasanmu, sai na kama salati.) Aikin dai wanda na sani ne tun ina yaro: a karya masara, a ɓare, a ɗauko a buhu. Gonakin ne kawai a tsaye suke kamar bango.

An sauki Malam Sabo a wani gida, ni kuma aka kai ni gidan wata dattijuwa mai suna Rosa, wadda nake kira Inna Rosa. Mijinta ya rasu a shekarar, har na yi mata ta'aziyya ranar da na sauka. 'Yarta Lusiya malamar makaranta ce, kuma ita kaɗai ke jin Turanci a gidan, don haka ita ce tafintarmu. Tun ranar farko ta tabbatar mini ba za a sa mini naman alade ko kitsensa ba, har sabon kasko suka saya domina. Ka ga ke nan ba ni da wata hujja.

Matsalar ita ce teburi. Mutanen nan a teburi ɗaya suke ci, maza da mata, kowa na fuskantar bakin kowa. Inna Rosa sai ta zauna daidai gabana, ta yi tagumi, tana bin hannuna da ido daga faranti zuwa baki. Macen da ta haife ni a shekaru! Sai in ɗauki wainar masararsu guda ɗaya, 'yar fale-fale, in gutsura, in shafa ciki in nuna na ƙoshi. In na koma ɗaki in buɗe jaka in ci biskit a ɓoye kamar ɓera. Da biskit ya ƙare sai na koma shan ruwa.

Malam Sabo kuwa har kumatu ya yi. Ya dube ni a gona ina haki a ƙarƙashin buhu, ya ce, "Kai dai ci gaba da fulakon nan. In an tashi komawa sai mu saka ka a ambulan mu aika Basirka."

Wata rana Lusiya ta tare ni a ƙofa, ta ce, "Mahaifiyata ta damu. Tana tambaya ko girkinta ne ba ya yi maka daɗi."

Maimakon in ba da haƙuri, sai na gyara tsayuwa na yi mata lacca. Na bayyana mata yadda ake karrama baƙo a wurin mutane masu kunya irinmu: ɗaki, turare, ruwa, abinci, a ja ƙofa. Ta saurara tana gyaɗa kai, ta ce abin sha'awa ne. Na shige ɗaki ina jin na wayar da kan ƙasa guda.

Bayan 'yan kwanaki sai na ga gari ya canza. Ko'ina furanni ruwan ɗorawa, mata na ta kai da kawo da kwanduna, an kuma tashi daga gona da wuri. Na ɗauka bikin kaka ne, ban tambaya ba, domin mutumin da aka turo kwas tun daga Najeriya ba ya son a ga akwai abin da bai sani ba. Na tsaya a gona na yi sallar la'asar, sannan na gangaro gida ni kaɗai, jiri na ɗibata.

Gidan shiru, babu kowa. Daga bakin ƙofa an zuba ganyen fure a ƙasa, ya yi 'yar hanya har cikin ɗakin tsakiya. Na bi. Ina tura ƙofa ƙamshin turaren wuta ya buge ni. Ga teburi an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ga kofin ruwa, ga burodi mai sukari a kai, ga lemo da ayaba da gyaɗa da dafaffiyar masara, a tsakiya kuma ga wani kasko cike da kabewa an dafa ta da zuma, tana ƙyalli. An ja ƙofa, kowa ya fita.

Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Na ce Allah sarki Lusiya, ashe laccata ta shiga.

Kada ku ce babu alamu. Akwai su, ni ne na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba kowace amsa. Kyandirori da rana tsaka? Na ce suna tsoron a ɗauke wuta ne, har na hure wasu don kada a yi asara. Hoton marigayi a jingine a kan teburin? Ai mu ma muna rataye hoton Baba a falo. Kwalbar giya a gefe? Na ture ta da bayan hannu, na ce sun manta ni Musulmi ne, Allah Ya shirye su. Wata tsohuwar malafa kusa da hoton? Na ce sun lura rana na dukana a gona. Na ɗauka na ɗora a kai, ta zauna daidai.

Na sauko da farantan, na jera su a ƙasa, na tanƙwashe ƙafa, na yi bisimilla. Ba zan ɓoye muku ba, ban ci abincin nan ba, yaƙi na yi da shi. Kabewar nan kuwa har yatsa na sa na suɗe kaskon.

Ina kan burodi na ƙarshe ƙofa ta buɗe. Inna Rosa ce a gaba, Lusiya a bayanta, sai maƙwabta da 'yan uwa cike da tsakar gida, sun dawo daga share kabarin mai gidan. Malam Sabo ma yana cikinsu, riƙe da tsintsiya. Ku kwatanta abin da suka gani: ɗaki da duhu-duhu, hayaƙin turare, ga mutum zaune a ƙasa sanye da malafar marigayi yana tauna. Wata maƙwabciya ta saki ƙara ta zube a bakin ƙofa.

Ni kuwa da burodi a baki na yi murmushi, na ɗaga hannu alamar godiya.

Lusiya ce ta durƙusa kusa da ni, ta yi mini bayani a hankali kamar mai magana da mara lafiya. A al'adarsu, sau ɗaya a shekara ana shirya wa waɗanda suka rasu teburi da abin da suka fi so a duniya, hanyar furen kuma domin su aka yi ta. Wannan ne karo na farko da ake yi wa mahaifinta. Ta kalli kaskon ta ce, "Kabewar shi ya shuka ta kafin ya kwanta ciwo. Zumar kuma ita ce ta ƙarshe da ya ɗebo da hannunsa. Mahaifiyata ta hana kowa taɓa ta, tana ajiye da ita domin yau."

Na ajiye guntun burodin. Na cire malafar na rasa inda zan ajiye ta. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma ba kunyar fulako ba ce, ta gaske ce. Na cinye wa baiwar Allah abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Inna Rosa ta tako ta ɗauki kaskon. Ta juya shi, ta ga ko wanki ba ya buƙata. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zubo mata, sai kuma kafaɗunta suka fara rawa, ashe dariya ce ta haɗu da kukan. Ta yi magana, Lusiya ta fassara: "Ta ce mijinta bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. In babu baƙo, fita yake yi ya samo wani a hanya. Tun da ka sauka take jin kunyarsa, ga baƙo a gidansa yana ramewa. Ta ce ita ta kasa ciyar da kai, shi ya iya."

Na fara kame-kamen ban haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Akwai sharaɗi. Tunda yanzu kowa ya san cikina lafiya lau yake, daga ranar zan riƙa ci a teburi, a gabanta, har sai ta ce ya isa. Haka aka yi har muka bar garin. Yara kuma in sun gan ni a hanya sai su cire hula su gaishe ni da sunan marigayi. Malam Sabo ya ce kada in damu, ko a gida ma sadakar mamaci rayayyu ne ke cinye ta, ni dai na yi gaggawa ne kawai.

Da na dawo na je Basirka gaida Inna, mahaifiyata, na tarar labarin ya riga ni. Na zauna na ba ta shi dalla-dalla, ina jiran faɗa a kan abincin mamaci. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta rufe baki da mayafi ta ce, "Yanzu kai, a gaban matar mutane ka zauna kana tauna? Tana kallonka?"

Darasin da na koya bai da yawa. In aka ce mini bisimilla yanzu, hannu nake wankewa. In kuwa na shiga ɗaki na tarar da abinci da turaren wuta babu kowa, nakan fara tambaya ko mai abincin yana da rai.