Ranar da Na Shimfiɗa Maman Ummi a Falon Mutane

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na nuna wa Larabawa matata a kan allon da ya kai girman bango ba, kuma ba guda ɗaya ba.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Al Mirqab, nan Doha. Muna zana wa masu gini falonsu a kwamfuta, su zagaya ciki su zaɓi labule da kujeru tun kafin a saya. Nawa aikin shi ne sa wa kayan sutura. Kowace kujera a kwamfuta tarin ƙananan alwatika ce, kuma kowace kusurwa sai na ba ta lambobi biyu, u da v, masu gaya mata inda za ta yanko yadinta a cikin hoto. Lambobin nan a dogon jeri suke, kowane kaya ya san gurbin da zai fara karantawa. Aikin tela ne dai, sai dai babu almakashi.

Hotunan yadukan duka a babban shafi ɗaya nake haɗa su, kuma akwai wani lungu da ya rage babu komai. A nan na liƙa hoton matata, Maman Ummi, na sa lambobinsa a ƙarshen jeri. Hujjata wai fuskar mutum ta fi saurin nuna idan hoto ya kife. (Ƙarya nake yi. Kewa ce kawai.) Tun da na zo ban je gida ba, 'yarmu Ummi ma a waya na ga ta fara tafiya. Daga ofis sai ɗaki a Mesaimeer, inda abokan kwanana ba mai jin Hausa, kowa kansa a waya. Amma in an tambaye ni gida sai in ɗaga kafaɗa, ni a dole jarumi.

Mudir ɗinmu, wato manaja, wani Bamisire mai son cewa "yalla", wato maza-maza, kamar sunan ɗansa, ya yi min alkawari: in aikin wani dattijo mai gini a Al Rayyan ya tafi lafiya, zai sa hannu a hutuna. Har na gaya wa gida.

Da safiyar ranar da dattijon zai zo, mudir ya leƙo ya ce dattijon ya fasa wani yadin karammiski, a cire shi. Na cire lambobinsa daga tsakiyar jeri, na manta ban gyara gurbin sauran ba. Ban ko gwada ba, don ina ji da kaina.

Dattijo ya zo da 'ya'yansa maza biyu, aka zuba gahawa, aka kunna allo. Kowane kaya ya ɗauki rigar maƙwabcinsa. Labule ya sa fatar kujera, kujera ta sa katakon tebur. Kafet kuwa, da yake shi ne na ƙarshe, sai ya zarce lungun da na liƙa hoton Maman Ummi. Ga shi na saita shi ya riƙa maimaituwa, don ya cika daɓe.

Daga bakin ƙofa har ƙarshen falo Maman Ummi ce, layi-layi, da ɗankwalin zaman gida, tana hararata saboda na ɗauke ta ba shiri. Ni da ko sunanta ba na iya faɗa a gaban yayyena, ga ƙafar tebur a kan goshinta.

Dattijon ya kawar da kai, ya ce wa 'ya'yansa su ma su kawar, abin da ya fi zagi yi min ciwo.

"Wace ce wannan?" in ji mudir.

"Hoton gwaji ne," na ce.

"Na ce wace ce?"

"Iyalina ce."

"Khalas, ya isa, kashe!"

Ban ma samu maɓallin ba sai da na ƙara girman hoton. Dattijon ya ajiye kofinsa, ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya haɗa ni da iyalina, ya fita. Aikin bai dawo ba. Hutuna ya koma sai bayan Babbar Sallah.

Da na kira gida na ba Maman Ummi labari, na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Abban Ummi, wane hoton ne?"

Na gaya mata.

"Haba! Duk hotunana na Sallah ba ka gani ba? Ka ce kawo ni Doha sai a hankali, ashe har na zo an taka ni." Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta ce Ummi na kiranta, ta kashe.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, da kowa ya tafi cin abincin rana ban gyara komai ba. Na sake kunna allon, na ja kujera na zauna a gabansa. Tun da na zo garin nan ban taɓa shiga ɗakin da ya cika min ido irin wannan ba.

Yanzu da hoto mai gida-gida irin na dara nake gwaji kamar kowa, kuma in na taɓa jeri sai na bi gurbin kowane kaya. Na koyi cewa abin da ka ɓoye a lungu, ranar da baƙi suka zo yake fitowa tsakar falo. Amma lalataccen aikin nan ban goge shi ba. Ran Juma'a, in ɗaki ya yi min faɗi, shi nake buɗewa.