Ranar da Na Cire wa Ƙanƙara Bargo

Ranar kasuwar da ta wuce, wajen azahar, na shigo gari a bayan kabu-kabu da wando jiƙe sharkaf, daga ƙugu har idon sawu. Majalisar gindin dalbejiya cike take. Sai da na sauka, sannan wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Furofesa, hanyar ta yi tsoro haka?"

Na yi musu sallama na wuce. Ni ba mai yawan magana ba ne, kowa ya sani. A majalisa aikina saurare da gyaɗa kai. Amma tunda har yau akwai masu duban wandona kafin su dubi fuskata, za ni yi bayani a nan, kowa ya huta.

Sunan Furofesa ba jami'a ta ba ni shi ba. Ina da shekara arba'in na fara riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci, yanzu kuma da hamsin da huɗu ina ajin manya na sakandare da ake yi bayan la'asar. Mu goma sha ɗaya ne, mafi yawanmu da furfura. Malama Basira ce ke koya mana fiziks, yarinyar da na halarci sunanta, amma idan ta ɗauki alli sai in gyara zama kamar ɗan firamare.

Ita ta koya mana cewa makamashi yana da ma'ajiya: yana cikin itace, yana cikin man fetur, yana cikin batir, yana cikin tuwon da ka ci da safe. Ta ce ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma halaka shi, sai dai ya tashi daga wannan ma'ajiya ya koma waccan. Na rubuta. Daga nan muka shiga babin zafi. Ta ce zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, kuma hanyarsa uku: ta taɓawa, kamar cokalin da aka bari cikin shayi, ta tafiyar iska ko ruwa, da ta haske, kamar yadda rana ke dukan rufin kwano. Ta ce mako mai zuwa za ta gaya mana yadda ake tare shi.

Makon bai zo ba. Aka ce Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa ƙarfin yanka zare, zai zo buɗe firiji mai aiki da hasken rana a ɗakin shan maganin garinmu. Aka ɗauke Malama aka sa ta koya wa 'yan makaranta waƙar maraba har mako uku. Aka ari bencinan ajinmu don manyan baƙi. Sai ilimina na zafi ya tsaya a rabi, ni kuwa ban san rabi ne ba.

Gaskiya biki ya yi kyau, ba za ni ci amanar Mai Girma ba. An kafa farantan sola a kan rufi suna ƙyalli, an jera batura huɗu manya, firiji fari fat yana gurnani. Mai Girma ya yanka zare, aka ciro masa ruwan roba mai raɓa, ya sha a gaban kyamara, ya ce daga yau talaka ya yi ban kwana da zafi. Muka tafa. Ni har na share hawaye da hular hannuna, don a ranar na ga darasin Malama da idona: rana ta shiga faranti, ta sauka cikin batir, ta fito ta zama sanyi.

Kafin magariba wata mota ta ja da baya har bakin ƙofa, aka loda batura huɗun, aka ɗora bencinanmu a kansu. Aka ce za a kai su a duba lafiyarsu.

Jabir, ɗan kabu-kabun da nake hawa, babu ƙauyen da ba ya shiga. Shi ya ba ni labarin lafiyar tasu. Ya ce, "Baba Maliki, baturan ga sun fi ni yawo. Na gan su can garin Isa ana buɗe wani firiji, na sake ganinsu bayan Gangara ana buɗe na ukku. Guda na da tabon jan fenti ga kusurwa, ko cikin barci na san shi."

Ban yi fushi ba. Na buɗe littafina na ga ashe Mai Girma bai saɓa wa kimiyya ba ko kaɗan. Ba a halaka baturan ba. Daga wannan ma'ajiya suke tashi su koma waccan, kuma inda za su yada zango a ƙarshe, wannan sai babban malami. Firijinmu ma bai zauna banza ba. Malamin asibiti ya ce bai taɓa samun wurin da gara ba ta iya shiga kamarsa ba, don haka a ciki yake ajiye rajista da tabarmar sallarsa.

To ana cikin haka ciwon sugan yayata Tasalla ya ƙi jin ƙwaya. Ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu, har gobe Ɗan'auta take ce mini, ko a gaban surukaina. Likita a Sabon Birni ya ce sai allura, kullum, kuma maganin ba ya son zafi. Idan ya sha rana ya mutu, ko da kwalbar na nan cike. Ya ba ni na wata guda. Na tambaye shi a ina za mu ajiye. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ba garinku aka buɗe wa firiji ba? Ai na ji a rediyo." Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Me za ni ce? An buɗe ɗin.

Sai na nufi wurin Abbas mai ƙanƙara a bakin tashar Sabon Birni. Na yi masa bayani, ya zaɓo mini babban dunƙule, ya sa kwalaben cikin leda a gefensa, ya zuba ƙaiƙayin gero, ya cusa cikin buhu, sannan ya jawo wani tsohon bargo ya naɗe duka kamar jariri. Ya ce idan ban taɓa ba za ta kai kwana biyu, kafin nan ya aiko da wata.

Jama'a, shekara hamsin da huɗu ina saurare. A ranar ce Shaiɗan ya ce mini, Maliki, lokacinka ya yi.

Na ce, "Malam Abbas, mi bargo ka yi?"

Ya ce, "Rufi."

Na ce, "In ka rufa da shi, mi kaka ji?"

Ya ce, "Ɗumi mana."

Na ce, "To ƙanƙara ɗumi taka so?"

Ya ajiye wuƙarsa ya dube ni. "Malam, shekara ashirin ina sana'ar ga. Kai kuma yaushe ka fara?"

Na ce, "Ni ba sana'a nika yi ba, karatu nika yi."

Ya ce, "Allah shi ba da sa'a. Amma kak ka buɗe."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya san gaskiya yana tausayin jahili. Muka hau hanya ni da Jabir. Da muka wuce gari na taɓa kafaɗar Jabir na ce ya tsaya. Na kwance bargon na ninke na zauna a kai. Na zazzage ƙaiƙayin, don a ganina ƙazanta ce. Na rungume ƙanƙarar a cinya, na buɗe bakin buhun sosai yadda iska za ta riƙa fifita ta. Ai idan mutum ya ji zafi fifita ake masa.

Bazara ce, iskar kamar daga bakin tanda. Ba mu yi nisa ba man Jabir ya ƙare, don gidan man da ya yi wa layi tun safe ya rufe famfo ana saura mutum biyu a kai gare shi. Muka tura babur har inda ake sayar da na kwalba, rana tsaka, ni rungume da kimiyyata. Da muka sake hawa Jabir ya ce, "Baba, ruwa nika ji ga bayana."

Na ce, "Zufa ce."

Ya ce, "Zufa mai sanyi?"

Na leƙa buhun. Abin da ya fito daga hannun Abbas kamar turmi ya koma kamar sabulun wanka. Duk hanyoyi ukun da Malama ta lissafa, na buɗe wa zafi su a lokaci guda: cinyata na taɓa ta, iska na busa ta, rana na dukanta. Abin da ya tare su kuwa ina zaune a kai. Amma a lokacin ban gane haka ba. Cewa na yi Abbas ya sayar mini da ƙanƙara marar ƙwari.

Haka na iso gida. Abin da ya rage bai fi goro ba. Kwalaben da sauran sanyinsu, amma zafin ɗaki jira yake, kuma hanyar Sabon Birni kun san ba wadda ake bi sau biyu a yini ba ce don marmari. Yaya Tasalla na kwance a tabarma, ta ɗago kai ta dubi wandona, ta dubi buhun. Ta ce, "Ɗan'auta, maganin ya mutu?"

Wallahi gara a ce majalisa ta yi mini dariya shekara guda da wannan tambayar. Duk fiziks ɗina ya zube a hanya tare da ƙanƙarar.

Hajo, mai ɗakina, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta karɓi ledar ta taɓa kwalaben da bayan hannu. Ta mirgino tsohuwar randar da na sa aka fitar bayan ɗaki ranar bikin Mai Girma, don a lokacin na ce zamaninta ya wuce. Ta zuba yashi a gindinta, ta zaunar da ƙaramar tukunyar ƙasa a ciki, ta cike tsakaninsu da yashi, ta jiƙa shi sosai. Ta sa maganin cikin tukunyar, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ta jawo duka zuwa inuwar zaure inda iska ke ratsawa.

Na ce, a hankali dai, "Hajo, ai iska ita ta cinye mini ƙanƙara."

Ta ce, "Malam, tahi ka sake wando."

Na tafi na sake.

Da yamma na sa hannu cikin tukunyar, na ji sanyi irin na ruwan tulu da asuba. Washegari na ɗauko malamin asibiti ya zo da ma'aunin zafinsa, wanda ya ciro daga cikin firijin Mai Girma, ƙarƙashin tabarma. Ya auna, ya sake aunawa, ya ce ba ta kai firiji ba, amma za ta riƙe maganin har ya ƙare, muddin yashin bai bushe ba. Ya yi wa Yaya allurar farko. Yau kwana biyar ke nan, ta tashi har tana faɗa da jikoki a kan tsintsiya, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin wandona tun daga farko.

Shekaranjiya ajinmu ya dawo, a kan tabarmi, tunda bencina na can suna raka batura. Malama Basira ta ɗauki alli ta rubuta rabin da ya rage. Ta ce bargo ba ya ƙera zafi, hanya yake tarewa. Idan ka rufa da shi yana hana zafin jikinka fita. Idan ka rufe ƙanƙara da shi yana hana zafin waje shiga. Ƙaiƙayi ma haka, saboda iskar da ke maƙale a tsakaninsa. Randa kuwa, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta idan zai bushe sai ya kwashi zafi daga ciki ya tafi da shi, shi ya sa take son iska. Sai ta juyo ta ce, "Akwai mai misali daga rayuwarsa?"

Mutum goma suka juyo suka dube ni. Na duƙar da kai ina rubutu, kamar ban ji ba.

Na aika wa Abbas bargonsa ta hannun Jabir, wankakke, da saƙon cewa ina gaisuwa. Ya aiko da amsa wai yana gaida karatu.

Yanzu a gidanmu an raba aiki daidai da ilimin kowa. Hajo ce mai kula da na'ura. Ni, mai littafin fiziks da fensir a kunne, aikina in zuba wa yashi ruwa safe da yamma, kuma an gargaɗe ni kada in cire komi daga kan komi.

Roƙona guda gare ku, masu karatu: maganar randar nan ta tsaya tsakaninmu. Ita ce kaɗai abin sanyi da ke aiki a garin, kuma idan labari ya kai kunnen Mai Girma Sarkin Almakashi, na san zai zo da tawaga ya yanka mata zare. Bikin ba ya damuna, za ni ma tafa. Motar da ke ja da baya kafin magariba nake tsoro, don yashin namu babu tabon jan fenti, ko Jabir ba zai gane shi ba.