Tarwadar da Ta San Ni

Da na sayi akwatin gilashi na kiwon kifi, mai shagon ya nuna mini ƙananan jajaye na ado. Na ce ni mai hankali nake so, wanda zai san mai gidansa. Na zaɓi tarwada. Wata uku ina ciyar da ita da hannuna, har in na shigo falo sai ta taso tana kaɗa gashin baki.

Ranar da surukata ta zo daga Baure, ta daɗe a gaban gilashin.

"Tubarkalla, wannan ta yi ƙiba," in ji ta.

Na sunkuyar da kai irin na surukin kirki. "Ai taki ce, Inna."

Ni a fatar baki na faɗa. Ita kuwa ta sa mini albarka, ta ce a kawo wuƙa.

Da rana aka aiko mini da farfesu. Na ci, don ba a mayar da kwanon suruka.

Har yau in mun wuce mai suyar kifi, matata takan ce, "Maigida, ba za ka tsaya ku gaisa ba?"