Injiniyan Haruffa da Jan Kuros

Wani ne, ku matso ku ji, don wannan ko a taron wawaye sai an ba shi kujerar gaba. Ya zauna ya kalli bidiyon koyarwa a waya har datarsa ta ƙare, shi ke nan ya miƙe ya ce ya zama injiniyan haruffa. Wai shi ne mai sa rubutu rawa a bidiyo, irin wanda kuke gani a talla, suna ya shigo yana juyi yana walƙiya. Ofishin nasa kuwa wani tebur ne mai gurguwar ƙafa, a kusurwar shagon surukinsa mai sayar da taya, tsakanin tayoyin tirela da buhun tsumma. Teburin ma sai da matarsa ta yi ta kuka a gaban babanta kafin aka ba shi aro.

Wata rana surukin ya kira shi.

"Kai, Injiniya." Haka yake kiransa, kuma duk lokacin da ya faɗa sai ya yatsine fuska.

"Na'am, Baba."

"Zan tsaya takarar shugaban ƙungiyar masu kayan mota. Ranar da za a gabatar da 'yan takara, abokin karawata Mai Batir ya ce zai haska bidiyonsa da majigi a zauren taro. To ni ma ina so. Sunana ya shigo a hankali, da natsuwa, kamar dattijo zai shiga cikin mutane. Za ka iya, ko in nemo mutum?"

"Haba Baba! Ai wannan kamar shan ruwa ne."

"To ka ji da kyau. In ya yi kyau, tebur ya zama naka. In ka kunyata ni a gaban Mai Batir, da kai da teburin da wannan kwamfutar taka mai hura mini zafi a shago, duk waje."

Yanzu fa, manhajar haɗa bidiyo ba ta sa haruffa rawa haka kawai da daɗi. Akwai wasu 'yan ƙananan kayan ƙari da ake cusa mata, ana ce musu fulogin, kowanne da irin rawar da ya iya. Mai hankali zai nemi guda ɗaya mai kyau, ya karanta bayaninsa, ya gwada. Gogan naku kuwa da hoton talla yake zaɓe. Wanda ya ga wuta a hotonsa, ya sauke. Wanda ya ga tartsatsi, ya sauke. Duk wanda aka rubuta kyauta a jikinsa, ko na mene ne, ya kwaso ya danna wa manhajar. Kafin a jima fankar kwamfutar ta fara kuka kamar tsohon janareta, har masu zuwa sayen taya suna leƙowa su ga wa ke niƙa.

Kuma akwai wani hali da yake da shi. Duk akwatin rubutu da ya ɓullo a allo, ba ya karantawa. Caraf zai rufe. Wai karanta akwati aikin 'yan koyo ne.

Ya kira suruki ya zo ya ga gwajin farko. Ya danna. Haruffan sunan dattijo suka rikito daga sama, suka daki ƙasa, suka tarwatse kamar an saki tire na kofuna.

Suruki ya ce, "Wane ne wannan ya faɗo?"

"Kai ne, Baba."

"Ni ne na faɗi? Tun kafin a kaɗa ƙuri'a?"

"Salo ne, Baba. Haka ake yayi yanzu."

"Cire."

Ya canja fulogin. Wannan karon sunan ya fito tsaf, sai ga hayaƙi ta ƙasa, sai wuta ta kama shi bal-bal, ya ƙone ƙurmus har toka tana zuba.

Suruki ya dafe ƙirji. "Kai, ɗan nan! Taya nake sayarwa. Ka san abin da mai taya ya fi tsoro a duniya?"

"Ai wutar kwamfuta ce, Baba, ba ta ƙuna."

"Ni ta ƙona ni. Cire!"

Ya sake wani. Haruffan suka taru a tsakiya, suka ɗan tsaya kamar masu shawara, sai kowanne ya yanki hanyarsa da gudu, allo ya zama fayau.

"Su kuma ina za su?"

"Za su dawo, Baba."

Suka zauna jira. Shiru. Suruki ya sallami mai sayen taya ya dawo, allo na nan fari fat.

"Ko magoya bayan nawa ne ka nuna mini?" in ji dattijo. Ya ja tsaki ya koma bakin shago.

To, kun san ko wawa yakan taki sa'a. Bayan ya yi ta tonon intanet, sai ya faɗa kan wani fulogin na kirki. Wallahi abin gwanin sha'awa. Haruffa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, a natse, suna ɗan rusunawa, su tsaya a layi. Daidai abin da dattijo ya nema. Matsala ɗaya ce tak. Wasu jajayen layuka biyu, masu kauri, sun gitta juna daga kusurwar allo zuwa kusurwa. Jan kuros ƙato, irin wanda malami ke zabga wa takardar daƙiƙi.

Kowa a sana'ar nan ya san wannan kuros ɗin. Na gwaji ne ka ɗauko, masu shi suka buga masa alama, sai ka sayi lasisi take ɓacewa. Akwatin da ke bayanin haka kuwa ya fito wa gogan a gaban idonsa, ya rufe shi tun bai gama buɗewa ba.

Sai ya shiga gyara. Ya fara da tofa wa allo yawu ya goge da gefen riga. Kuros na nan. Ya ɗauko tsumman goge taya ya dirje, allo ya yi baƙi, kuros na nan ja zur. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya kife ta ya bubbuga mata baya kamar yaron da ya ƙware. Ya zare caja ya hura bakinta ya mayar. Ya ce ai zafi ne ya yi mata yawa, ya ɗora ta a gaban fanka ya zauna yana yi mata fifita da kwali.

Da abin ya ƙi, sai ya shiga wani zauren masu sana'ar a waya, ya tura hoto, ya rubuta: "'Yan'uwa ƙwararru, wace cuta ce wannan?"

Wani ya ce, "Malam, na gwaji ne. Sayi lasisi."

Wani ya ce, "Karanta akwatin da ke fitowa mana."

Wani kuma fuskar dariya kawai ya jera masa.

Gogan ya ce lallai waɗannan 'yan kamasho ne, da masu fulogin suka haɗa baki, ga hassada. Ya zazzage su tas ya fice daga zauren.

Matarsa ta kawo masa abinci shago ta same shi ya haɗa gumi.

"Wai me akwatin nan yake cewa ne? Bari in karanta maka."

"Ke, wannan harkar injiniyoyi ce."

"To injiniya, ka dai tuna da bakin da na roƙi teburin nan. Ba ni da wani bakin."

Sai dabara ta zo masa. Ya ce fulogin ya kawo cuta, fulogin zai kawo magani. Ya sauko da wani na kyauta ya ɗora a kai don ya rufe kuros ɗin. Shi ma ashe na gwaji ne, ya zo da nasa kuros, shuɗi. Ya ƙara wani, ya zo da kore. Allo ya koma kamar tagar da aka yi wa ƙarafan tsaro. Da kyar ya cire su ya koma kan jan nasa na asali.

Sai wata dabarar ta sake zuwa, wannan har tafi ya yi wa kansa. Tunda kuros ja ne, bari ya mai da bangon bidiyon ja. Ja a kan ja, wa zai gani? Ya yi haka, kuros ya ɓace a bango, amma yana nan yana yanka fararen haruffan. Ya ce ai sauƙi, ya mai da haruffan su ma ja. Ya ruga ya kira dattijo.

"Baba, an gama. Zo ka ga ikon ilimi."

Suruki ya zo ya tsaya. Allo ja wur, ba komai.

"Ina sunan?"

"Yana ciki, Baba. Yanzu haka ma tafiya yake, a natse."

"Kai kana ganinsa?"

"A'a, amma na san yana nan."

Dattijo ya dube shi, ya dubi teburin, ya dubi ƙofa. Gogan ya gane karatun, ya koma ya duƙufa.

Ƙarshe dai ya mai da haruffan fari, ya ƙanƙance su, ya tura su can sama cikin ɗan filin da ke tsakanin hannuwan kuros, inda layi bai taɓa su ba. Bango ja, suna fari a sama, tsakiya babu kowa. Kuros ya ɓuya tsaf. Suruki ya kalla, sunansa ya shigo yana taku ɗai-ɗai. A karon farko fuskar dattijo ta saki.

"To, wannan ya yi kama da aikin mutane. Amma tsakiyar nan fa? Filin wa ka bari?"

"Na hotonka ne, Baba," in ji shi, don ƙarya ba ta yi masa wuya.

"Madalla. Zan je in ɗauki sabo."

Dattijo bai kawo hoton ba sai ranar taron da safe. A hoton ya sha farar babbar riga, ya yi murmushin da ko iyalinsa ba su taɓa gani ba. Gogan ya karɓa a bakin zaure, ya buɗe kwamfuta a kan gwiwa, ya jefa hoton a tsakiya, ya rufe. Matarsa ta ce, "Ba za ka kalla ka gani ba?" Ya ce dubawa ai sai wanda bai yarda da kansa ba. Shi ma fa farar riga ya saka, ya sha guga, don yau za a san injiniya.

Zaure ya cika maƙil. Masu taya, masu batir, masu gilashi, masu man birki, kowa da mutanensa. Aka fara da bidiyon Mai Batir. Ba wani abin a zo a gani, suna ne da hoto, aka tafa sama-sama. Sai aka ce saura na Mai Taya. Gogan ya taso yana gyara wuyan riga, ya jona kwamfutarsa da majigi, ya danna.

Bango ya yi ja. Sunan dattijo ya fara shigowa a sama, harafi bayan harafi, yana rusunawa. Zaure ya yi tsit. Wani ya ce, "Kai, wannan aiki ne!" Suruki ya gyara zama, ya ɗan waiga ya harari Mai Batir.

Sai hoto ya taso a tsakiya. Ga dattijo cikin farar riga, girman bango guda, yana murmushi. Ga jan kuros ya gitta shi daga kafaɗa zuwa ƙugu, mahaɗar layukan daidai kan hancinsa.

Wani tsoho mai gilashi a layin gaba ya miƙe. "Inna lillahi! Yaushe ya rasu? Ba da shi muka gaisa yanzu ba?"

Wani daga baya ya ce, "Ba rasuwa ba ce, janyewa ya yi!"

"Soke shi aka yi!"

Mutanen Mai Batir suka ɓarke da tafi da fito. Shi kansa Mai Batir dariya ta kayar da shi daga kujera, yana share hawaye yana cewa a taimaka a ba shi kwafi, zai haska a nasa taron. Wayoyi suka tashi sama, kowa na ɗauka.

Gogan ya ruɗe. Ya danna nan, ya danna can, kwamfuta ta ƙame, fanka na kuka. Ya nemi wajen kashe majigi ya rasa. Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya yi tsalle ya tsaya a gaban majigin, ya ware hannuwa don ya tare hasken da jikinsa.

Bango ya yi duhu. Hasken gaba ɗaya ya dawo kan farar rigarsa, jan kuros ya zauna masa daram a ƙirji, daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Ya ga suruki ya taso yana nufo shi, a hankali, da natsuwa. Gogan ya ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu zan matsa in gyara."

Dattijo ya ɗaga hannu.

"Kada ka motsa. Sai yanzu abin ya samu mai shi."